Dalilin da Ya Sa Huhun Hagu Bai Kai Na Dama Girma Ba

Dalilin da ya sa huhun hagu bai kai na dama girma ba, shi zan gaya muku yau, in kun bar ni na yi magana. Kai Barau, daina cilla gyaɗa sama kana cafewa da baki, labarin nan har da kai a ciki. Kowa ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji. Ba nan ba, Lantana, matso hagu kaɗan. Kin ji ana bugawa? To bari ku ji wace ce take bugun, da yadda aka yi ta samu wurin nan.

A can da, zamanin da kayan cikin mutum suke hira da junansu kamar maƙwabta, an yi wani manomi mai suna Jatau. Ƙato ne na gaske, ga noma ga kokawa, ga cin tuwo kamar ya ci da akushin. A cikin ƙirjinsa akwai wani gida da aka kewaye da dangar ƙashi, wato haƙarƙari, kuma tagwaye ne ke zaune a ciki. Su ne huhu. Na dama ana ce masa Badame, na hagu Bahago. Sana'arsu zuga, irin ta maƙera: su buɗe su jawo iska, su matse su fitar, babu ranar Juma'a babu ranar Sallah.

Kun dai san yadda ake bi da tagwaye. Ba a ba ɗaya abu a hana ɗaya. In ka ɗinka wa wannan riga, wancan ma sai ka ɗinka masa, kuma daga yadi guda. In ka kuskura ka fifita wani, an ce ranar nan sai ka tarar da kunama a takalminka. To kakarsu, tsohuwa Ƙwaƙwalwa, wadda ke zaune can sama a soron kai tana lura da kowa, ita ta raba musu gidan, kuma da tsoro ta raba. Ɗaki uku ga Badame, ɗaki uku ga Bahago. Hanyar iska da ta gangaro daga maƙogwaro, da ta iso ƙofar gida sai aka tsaga ta biyu daidai, faɗi ɗaya, tsawo ɗaya. Daga nan kowace ta yi ta rabuwa kamar rassan tsamiya, har ta ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna inda ake sauke iska. Sai da tsohuwa ta auna da kara ta sake aunawa, sannan hankalinta ya kwanta.

Sai dai fa tagwayen nan suna da ƙanwa. Duk wanda ya biyo bayan tagwaye ai Gambo ne, to ita ma Gambo aka sa mata. Ita ce Zuciya. Wurin rabon gida an manta da ita sarai. Ba mugunta ba ce, hankalin kowa ne ya tafi ga kada tagwaye su yi fushi. Sai baiwar Allah ta ɗauki turminta ta sauka ƙasan dandamalin gidan, cikin ciki, ta raɓa tsakanin Tumbi da Hanji. Can babu danga babu ƙashi, fata ce kawai tsakaninta da duniya. Aikinta daka, dum-dum, dum-dum, kuma kowane bugu jini take turawa ya zaga jikin Jatau. Wani kuma ta aika shi sama wurin yayyenta ya karɓo iska.

Bahago yana son ƙanwarsa ƙwarai. Ta ƙasan daɓe yake jiyo dakanta, har ya saba yin zugarsa a kan kiɗan taɓaryarta. Shi ya fara lura cewa duk lokacin da Jatau ya zauna gaban akushi, dakan sai ya riƙa fita da ƙyar. Tumbi ne, maƙwabcin da bai san iyaka ba. Da ya cika sai ya baje, ya danne yarinyar a lungu.

Bahago yakan sunkuya ya ce, "Gambo, lafiya kuwa?"

Ita kuwa ta ce, "Lafiya lau, Yaya. Tumbi ne ya yi baƙi, yanzu za su wuce."

Kullum amsar ke nan. Gambo ba ta iya ƙorafi ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Bahago rai.

Ana nan, lokacin kaka ya yi. Jatau ya kira gayya aka girbe masa gero, mata suka kawo tuwo da fura gona. Ya ci, ya ƙara, ya kora da fura ƙwarya guda. Sannan ya tashi zai ɗora wa jakinsa dami, ya bi ta bayansa. Jakin nan da ma ƙudaje sun dame shi tun safe. Ya ɗaga ƙafa ya shure Jatau a ciki, tim!

A cikin gida kuwa, Bahago ya ji dum, sai shiru.

Bai taɓa jin irin wannan shirun ba tunda aka halicce shi. Ya ja iska, Badame ya ja iska, ɗakuna shida suka cika maƙil, amma babu jinin da ya zo karɓa. Can sama suka jiyo tsohuwa tana salati tana cewa, "Wa ya kashe mini fitila? Ban ga komai ba!" Jatau ya zube a kan kunyar gona kamar an sare ice, 'yan gayya suka yo kansa da ruwa.

Badame ya ce, "Ɗan'uwa, ƙara zuga!"

Bahago ya ce, "Zugar me? Wa zai ɗauka? Ashe duk iskar da muke taƙama da ita, in yarinyar nan ba ta aiko an karɓa ba, aikin banza muke yi."

Ya kwanta a kan daɓe yana bugawa yana kira. "Gambo! Gambo, ki tashi, don Allah!" Tsoro ya kama shi, har ya manta shi babba ne, ya fashe da kuka. Can sai ya ji an ja taɓarya a hankali. Dum. Aka daɗe. Dum-dum. Wata 'yar murya ta ce, "Ina nan, Yaya. Taɓaryar ce ta suɓuce."

Kun ji fa. Jaki ya shure ta, amma wai taɓarya ce ta suɓuce.

Da Jatau ya farfaɗo aka kai shi gida, Bahago ya ce sai an yi zama. Tsohuwa ta leƙo daga soro ta ce, "To mazajena, me kuka zo da shi?"

Bahago ya ce, "Kaka, Gambo za ta dawo cikin danga. Gero ya shiga rumbu, kin san abin da ke biye. Za a fara kokawa a dandali, kuma maigidan nan ba ya jin kiɗan kokawa ya zauna. Gwiwa ɗaya in ta same shi a ciki, mun rasa ta, mu ma kuma mun tafi."

Tsohuwa ta ce, "Gaskiya ne. Sai ta zauna a tsakar gida."

Aka gwada. Ina! Tsakar gidan ɗan siriri ne, ga hanyar iska, ga hanyar abinci a bayanta. Turmin Gambo ya shiga rabi, gindinsa mai tsini ya rasa inda zai jingina. Dole sai an ba ta ɗaki.

Tsohuwa ta ce, "To kowa ya ba da rabin ɗaki, kun ga an yi daidai."

Badame ya ɓata fuska. "Ni da wanne? Hanta tana ƙarƙashina, ta turo mini daɓe sama har ina tafiya a sunkuye. In na ba da rabi, a ina zan sa iska? Ni dai ba ni da shi."

Ba ƙarya ya yi ba, Hanta ta matsa masa. Amma ko da ba ta matsa ba, Badame ba mai sakin abin hannunsa ba ne.

Tsohuwa ta tafa hannu. "Shi ke nan, magana ta mutu. Ba zan karɓi ɗakin ɗaya in bar wa ɗaya nasa ba. Da tsufana ba zan riƙa zazzage takalmi ina neman kunama ba."

Gambo tana jin su daga ƙasa. Ta ce, "Ku bar shi, Kaka. Na saba da nan. Kada a ɓata tsakanin yayyena saboda ni."

Bahago ya juya ya dubi ɗakunansa. Na sama ɗan ƙarami ne, na ƙasa babba amma da duhu. Na tsakiya shi ne abin sonsa. Nan iskar asuba take fara sauka, nan ya fi sanyi, nan yake miƙe ƙafa in Jatau ya yi barci. Kuma tunda aka haife su bai taɓa zama ƙasa da Badame da ko ƙwayar gero ba. Ya ji abin ya soke shi, ba zan ɓoye muku ba. Amma da ya tuna shirun nan na gona, sai ya ga ɗakin bai kai komai ba.

Ya ce, "Kaka, ke ba ki karɓi komai ba. Ni ne zan bayar da hannuna. In kunama za ta zo, ni ta harba."

"Yau kake faɗa, angona. Gobe in ka ga ɗan'uwanka yana walawa a ɗaki uku kai kana biyu, zuciyarka ba za ta tashi ba?"

Bahago ya yi murmushi. "In ta tashi, ai tana kusa, sai ta gaya miki."

Bai jira amsa ba, ya kama bangon ɗakin tsakiya ya rushe. Abin da ya rage masa ɗan lungu ne siriri kamar harshe, ya haɗa shi da ɗakin sama. Bangon da ya saura ya lotsa shi ciki, daidai yadda gindin turmi zai zauna. Gambo ta hauro tana jin kunya, da turminta da taɓaryarta da manyan jijiyoyinta masu kauri kamar igiyar rijiya. Kayan nan suka tare wuri, dole hanyar iskar Bahago ta kauce musu, ta ƙara tsawo, ta ƙanƙance, ta kwanta a karkace. Gambo ta ga haka ta ce, "Yaya, na ɓata maka hanya." Ya ce, "Iska ba ta da ƙafa, balle ta gaji. Kafa turminki."

Ba a jima ba aka buga gangar kokawa. Jatau ya ɗaura warki ya shiga fili, ya haɗu da wani ƙato daga ƙauyen gaba. Suna cikin sarƙewa ƙaton ya kai masa gwiwa a ciki, daidai inda Gambo take zama a da. Tumbi ya kurma ihu, Hanji ya murɗe. Bahago ya kasa kunne. Dum-dum, dum-dum, dum-dum, a jikin bangonsa, ko gezau. Daɗi ya kama shi har ya ja wata iska mai yawa, Jatau ya samu ƙarfi ya ɗaga ƙaton ya kai shi ƙasa.

Kuna ce magana ta ƙare? Ai ba ku san tagwaye ba.

Duk gida aka ɗauki yabon Bahago. Hanta ta yaba, Ƙoda ta yaba, har Tumbi da ya samu fili ya yi godiya. Badame ya kumbura, ya daina gaisuwa. Ran nan ya ɗaga murya ya ce, "Kaka, an yi rabo ba a yi da ni ba. An ba shi ƙanwa a ɗaki tana yi masa kiɗa, an ba shi yabo. Ni me aka ba ni?"

Tsohuwa ta riƙe baki. "Kai mai ɗaki uku? Kai ne za ka yi kukan rashi?" Amma tsoron kunama bai sake ta ba, sai ta sassauta. "To faɗi abin da kake so."

"A gyara mini hanyata. A faɗaɗa ta, a rage mata tsawo, a miƙe ta tsaye daga maƙogwaro har ƙofata. Duk iskar da ta shigo, ni ta fara gaisarwa."

Akwai wani dattijo, Maƙogwaro, mai tsaron ƙofa can sama. Yana da ɗan faifai da yake rufe hanyar iska da shi duk lokacin da abinci zai wuce. Ya ce, "Yaro, ka yi tunani. Maigidan nan yana ci yana surutu, yana ci yana dariya. Wani lokaci kafin in kifa faifai abu ya wuce ni. Kuma abin da ya faɗo, hanyar da ta miƙe zai bi."

Badame ya ce, "Baba, kai dai tsare ƙofarka."

Aka yi masa yadda ya so. Ya yi kwanaki yana hura hanci, iska na faɗo masa kai tsaye, yana leƙen Bahago ko zai ga ya ji haushi. Bahago kuwa ko a jikinsa, yana can yana zuga a kan dakan ƙanwarsa.

Ranar kasuwa Jatau ya zauna gindin kuka da abokansa, yana ba su labarin yadda ya ka da ƙaton nan. Ga soyayyar gyaɗa a hannunsa, yana cillawa sama yana cafewa da baki. I, Barau, kamar yadda kake yi. Wani ya faɗi abin dariya, Jatau ya ƙyalƙyale daidai lokacin da gyaɗa ta faɗo. Dattijo Maƙogwaro ya kai hannu ga faifai, amma ina, ta riga ta wuce. Ta gangaro, ta iso mararraba, ta ga hanyar Bahago siririya a karkace, ta ga ta Badame a buɗe a miƙe. Ta faɗa ta dama, ta toshe ta ƙam.

Badame ya ja iska, babu. Ya matse, babu. Ɗaki uku, ko numfashi ɗaya ba ya shiga. Idon Jatau ya fito, ya kama wuya, abokansa suka miƙe tsaye.

"Ɗan'uwa! Ɗan'uwa, na mutu!"

Bahago ya ce, "Ba ka mutu ba, yi shiru ka tattara ƙarfinka. Gambo, za ki iya?"

Ta ce, "Kai dai kawo iskar, Yaya."

Nan fa mai ɗaki biyu ya ɗauki aikin gida duka. Yana zuga har bangonsa na rawa, Gambo na luguden taɓarya, dum-dum-dum-dum, duk abin da ya jawo tana kwashewa tana rabawa, don kada fitilar tsohuwa ta sake mutuwa. Da Bahago ya cika ɗakunansa ya ce wa Maƙogwaro, "Baba, rufe ƙofa, sai na ce ka buɗe." Ya ce wa Badame, "In na matse, ka matse da abin da ya rage maka." Suka matse tare, daidai lokacin da wani abokin Jatau ya ɗirka masa duka a gadon baya. Dattijo ya buɗe ƙofa. Jatau ya yi wani tari da ya tashi tsuntsayen kan kuka, gyaɗa ta yi tsalle ta faɗa cikin ƙwaryar wata mai nono da ke gefe.

Abokai suka yi ta dariya, mai nono ta yi ta masifa. A cikin gida kuwa Badame ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi. Can ya ce a hankali, "Gambo."

"Na'am, Yaya."

"Na hana ki ɗaki. Kina fushi da ni?"

Ta ce, "Da ina fushi ai da ka gani a ƙwaryarka. Duba jijiyar da nake aiko muku da jini. Biyu na raba ta, reshe ɗaya gare ka, ɗaya gare shi. Tun ina ƙasa haka nake yi, yau ma haka. Ni ƙanwar tagwaye ce, na san yadda ake yi."

Badame ya duba, ya ga haka ne. Hawaye ya zubo masa. Ya juya wurin Bahago ya ce, "Ɗan'uwa, a sake rabo. Ta dawo nawa ɗakin tsakiyan, ka gina naka."

Bahago ya yi dariya har Jatau ya yi ajiyar zuciya bai san dalili ba. Ya ce, "A'a, wannan kuma ba ka isa ba. Da ina da ɗaki uku, ni kaɗai nake kwana in tashi a ciki. Yanzu in na jingina da bango ina jin ta, na san tana lafiya. Riƙe ukunka, ka dai riƙa yi wa Baba Maƙogwaro biyayya."

Aka bar shi a haka. Tsohuwa ta ɗauki lokaci tana zazzage takalminta kowace safiya, ba ta taɓa ganin kunama ba, har ta gaji ta daina.

To shi ya sa har yau ɗin nan, duk ɗan Adam huhunsa na dama kashi uku ne, na hagu biyu, da ɗan lotsawa a gefe inda zuciya take jingina. Shi ya sa in gyaɗa ko ƙwallon wani abu ya kuɓuce wa yaro ya bi hanyar iska, galibi dama yake faɗawa, don Badame bai samu an mayar masa da hanyarsa yadda take a da ba. Kuma shi ya sa da na ce ku ɗora hannu, sai da Lantana ta matsa hagu sannan ta ji bugu. Gambo ce, tana ɗakin yayanta tana daka, tun ranar ba ta sake sakin taɓarya ba.

Ku ja numfashi mai yawa, ku gaishe da Bahago. Yawwa. Kai kuma Barau, miƙo gyaɗar nan, ni zan ajiye maka.